Gidajen Rediyo da Talabijin: Hannu Nawa Ke Riƙe da Kasuwar?

YOLA — Ɗan kasuwar da ke da shago a unguwar Alkalawa ko a babbar kasuwar Jimeta, idan ya tashi tallata hajarsa, ƙofofin da zai ƙwanƙwasa ba su da yawa. Akwai gidan rediyon jihar Adamawa, wato ABC, da gidan talabijin ɗinta ATV. Akwai NTA da Fombina FM na Gwamnatin Tarayya. Akwai Gotel mai rediyo da talabijin, mallakar tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Alhaji Atiku Abubakar. Sai kuma wasu tashoshin FM masu zaman kansu da suka biyo baya. In tashoshi aka ƙidaya, sai a ce an wadata. In kuwa masu su aka ƙidaya, lissafin ya tsuke: gwamnatoci biyu da masu hali ƙalilan.

Wannan hali bai tsaya ga Yola kaɗai ba, kuma tushensa na cikin yanayin sana'ar kanta. Kafa tasha na cin maƙudan kuɗi tun kafin a furta kalma ɗaya: na'urar watsa shiri, turken eriya, kuɗin lasisi, ga janareta da man da zai sha dare da rana. Amma da zarar an kunna, abin da ake kashewa ɗaya ne, ko mutum dubu ke saurare ko miliyan. Saboda haka mai tashoshi biyar yana iya shirya labaru sau ɗaya ya watsa a wuri biyar, alhali mai tasha ɗaya shi kaɗai zai ɗauki nauyin nasa. Bugu da ƙari, manyan masu ba da talla, irin su bankuna da kamfanonin waya da masu lemon kwalba, yawancinsu daga Legas suke raba kuɗin talla, kuma sun fi son ƙulla yarjejeniya guda da wanda zai kai saƙonsu garuruwa da yawa. Abin da ya rage wa ƙaramar tasha shi ne sanarwar ɗaurin aure, da ta'aziyya, da cigiya, da masu maganin gargajiya, da filin da 'yan siyasa ke saya. Da wuya waɗannan su biya albashi, balle su sabunta na'ura.

A Arewacin Nijeriya, babakere mafi girma da aka taɓa gani da doka aka yi shi, ba da ciniki ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta karɓe jaridar New Nigerian ta Kaduna baki ɗaya, ta kuma mallaki kashi 60 cikin ɗari na hannun jarin Daily Times. Dokar soja mai lamba 24 ta 1977 ta tattara gidajen talabijin na ƙasar a ƙarƙashin hukuma guda, NTA. A 1978 aka haɗe gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962, cikin gidan rediyon tarayya FRCN. Cikin shekara huɗu kacal, manyan muryoyin ƙasar suka koma hannu ɗaya. Abin da ya biyo baya darasi ne ga duk mai jari: New Nigerian ta yi ta fama da rashin kuɗi, aka miƙa ta ga jihohin Arewa 19 a 2006, daga bisani ta ɓace daga hannun masu sayar da jarida.

An sassauta a 1992, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, da dokar soja mai lamba 38. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003. To amma ƙofar da aka buɗe ta masu kuɗi ce. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa ban da gwamnatin tarayya da ta jiha, babu mai mallakar gidan rediyo ko talabijin sai da amincewar Shugaban Ƙasa. Wanda ke da jarin kafa tasha, kuma yake da hanyar kai takardarsa fadar gwamnati, galibi ɗan siyasa ne ko na kusa da shi. Mallakar ba laifi ba ce. Matsalar ita ce, a gari mai tashoshi kaɗan, labarin da bai yi wa gwamna daɗi ba, bai kuma yi wa attajirin daɗi ba, yana iya rasa inda zai fita, ko da kuwa labarin gobarar kasuwa ne ko na harajin da aka ɗora wa 'yan tireda.

Don a ga inda ciniki kaɗai ke kai wannan sana'a idan aka sakar masa mara, sai a dubi Amurka. Kafin 1996 doka ba ta yarda kamfani ɗaya ya mallaki fiye da gidajen rediyo 40 a faɗin ƙasar ba. Da aka cire wannan iyaka a shekarar, kamfanin Clear Channel ya yi ta saye har ya tara kimanin 1,200 cikin 'yan shekaru. A ranar 2 ga Yuni, 2003, hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta ƙara sassautawa da ƙuri'a uku a kan biyu, inda ta ɗaga yawan gidajen da kamfanin talabijin guda zai iya kaiwa daga kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari. A nan ne jama'a suka ce ba su yarda ba. Fiye da mutum miliyan biyu suka aika da ƙorafi, cikinsu har da ƙungiyoyin da ba sa ga maciji da juna a kan komai. Wata ƙaramar ƙungiyar masu rajin rediyon unguwa, Prometheus, ta kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara da ke Filadelfiya ta dakatar da sababbin ƙa'idojin, majalisar dokoki kuma ta tsayar da iyakar a kashi 39 a 2004. Nasarar ba ta ɗore dukanta ba, domin a 2021 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince wa hukumar da ta soke haramcin haɗa jarida da tasha a gari ɗaya. Shi kuwa Clear Channel, wanda ya koma iHeartMedia, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2018, da bashin kusan Dala miliyan dubu 20 a wuyansa. Ashe yawan tashoshi ba shi ne riba ba.

A Nijeriya adawar jama'a ta ɗauki wani salo dabam. Maimakon a nemi ƙwace wa manya, sai aka nemi a ba ƙanana nasu. Tun daga 2003 ƙungiyoyin farar hula, ƙarƙashin jagorancin cibiyar Institute for Media and Society ta Legas, suka shiga fafutukar a halatta rediyon al'umma, wato tashar da mutanen gari ke mallaka su kuma gudanar, ba don riba ba. Hujjarsu a bayyane take, tun da maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta fara irin waɗannan tashoshi tun 1999 a garin Bankilare. An yi taro an sake taro, an yi alkawari an saɓa, sai a watan Mayu na 2015, ana dab da miƙa mulki, aka amince da lasisi 17 na farko. Shekara goma sha biyu ke nan ana bin takarda, kuma 17 a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774 bai taka kara ya karya ba.

Samun lasisin ma dabam, riƙe shi dabam. A watan Agusta na 2022 hukumar NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya haura Naira miliyan dubu biyu da ɗari shida, cikinsu har da AIT da Raypower da Silverbird da gidajen gwamnatocin jihohi da dama. Ƙungiyar editocin Nijeriya da ƙungiyar SERAP suka garzaya babbar kotun tarayya da ke Legas, hukumar kuma ta jingine matakin. In har masu tashoshi a manyan birane da gwamnatoci masu kasafin kuɗi sun gaza biyan kuɗin sabunta lasisi, mai karatu sai ya auna halin tashar da ke jiran kuɗin sanarwar suna kafin ta sayi man janareta, ya kuma auna ko wane ne ke da kuɗin sayenta ranar da mai ita ya gaji.