Kakaki da Ƙahon Turawa

Wanda ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Ɗan Agundi, in ya miƙe arewa, ba da jimawa ba sai ga shi a Ƙofar Kudu, wato fadar Sarki. In ya yi dace ran Salla ce, tun daga nesa zai ji tambari na ruri, algaita na kuka, kakaki kuwa ya danne su duka.

Shi kakaki dogon abin busa ne na ƙarfe, tsawonsa ya fi na mutum nesa. Tarihi ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki a Kano. Ba a busa wa talaka shi, kome dukiyarsa. Ba shi da ƙofofin da ake toshewa da yatsa kamar na algaita, saboda haka muryoyinsa kaɗan ne. Da leɓe da numfashi ake sarrafa su.

Ƙahonin tagulla na Turawa ma dā haka suke. Sai wajen 1815 aka ƙago musu maɓallai a ƙasar Jamus. In an danna maɓalli, sai iska ta ƙara zagaye cikin bututu, murya ta sāke. Irinsu ne ake ji a badujalar soja.

A can akan tara makaɗa tamanin, har ɗari, a zaure guda. An kasa su huɗu: masu goge, da masu sarewa, da masu ƙaho, da masu ganga. Kowa da takarda gabansa, an rubuta masa abin da zai yi. Shugaba na tsaye da siririyar sanda, ba mai farawa sai ya nuna shi. A dare ɗaya sukan haɗa kiɗan magabata, kamar na Brahms Bajamushe, wanda ya rasu a 1897, da sabon da aka tsara wa ƙahoni. Takarda ce ta adana musu na dā.

Makaɗan fada kuwa ba su da takarda, ɗa ke ɗauka daga bakin uba. In ɗa ya ƙi koyo, sai take ya bi tsoho kabari. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya masu daraja. Ashe bai kamata yaro ya raina sana'ar gidansu ba, gama kowa ya bar gida, gida ya bar shi.