Me takardar auna malami take aunawa a darasin ƙabilu da addinai?

A ƙarshen zangon karatu, jami'o'i da dama kan raba wa ɗalibai takarda domin su bayyana ra'ayinsu game da darasi da malaminsa, ba tare da rubuta suna ba. Sakamakon yana da wuyar fassara idan darasin ya shafi ƙabila da addini, kamar GST 112, darasin al'ummomin Najeriya da al'adunsu, wanda Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta wajabta wa 'yan shekarar farko a manhajar da ta ƙaddamar a Disambar 2022.

Ɗaliban Yauri, Ngaski da Shanga misali ne. A aji guda a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ana iya samun Gungawa, Kambari, Shangawa, Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista. Idan malami ya taɓo hare-haren kamun bayi na ƙarni na 19, ko tashin mazauna tsibirai bayan kammala madatsar Kainji a 1968, ko yadda addinin gargajiya ya ja da baya, tarihin kakannin waɗanda ke gabansa yake faɗa. Wani zai ji an yi masa adalci, wani kuwa ya ji an ci zarafinsa. Makin da kowannensu zai bayar yana iya nuna ɓacin rai ko jin daɗi, ba ingancin koyarwa ba.

An daɗe ana wannan muhawara a Amurka. A 2019 ƙungiyar masana zamantakewa ta ƙasar ta yi gargaɗin kada a dogara da irin waɗannan takardu kaɗai wajen ƙarin girma, domin bincike ya nuna sukan tauye malamai mata da 'yan tsiraru.

Haɗarin shi ne malamin da ke tsoron ƙaramin maki ya riƙa kauce wa batutuwa masu zafi, ya tsaya kan abinci da tufafi da bikin Rigata. Ɗalibi sai ya fita bai koyi yadda ake sauraron wanda ya saɓa masa ba.

Saboda haka tambayoyin takardar su ne abin dubawa. "Ka ji daɗin darasin?" ba ta da amfani kamar "An bai wa kowane ɓangare damar magana?" da "Malami ya kawo hujja?" Sannan a haɗa amsoshin da shaidar wasu malaman da suka zauna a ajin, da kuma abin da ɗaliban suka rubuta a jarrabawa.