Kafin Ka Sayi Hannun Jari, Koyi Karanta Allon

Mu mutanen Batsari da Safana, a jikin dabba muka saba ajiye dukiya. In damina ta yi albarka, an sayar da rogo da dankali, sai a sayi maraƙi a ɗaure. Tun da ɓarayin dajin Rugu suka mayar da kiwo abin fargaba, nake ganin malaman makaranta da matasan 'yan kasuwa suna buɗe manhajar dillalan hannun jari a waya. Abin yana faranta mini rai. Damuwata ita ce yawancinsu abu biyu kaɗai suke kallo: farashi, da launin kore ko ja.

Allon Kasuwar Hannun Jari ta Najeriya, NGX, wadda aka kafa a Legas a 1960, yana taƙaita sunan kowane kamfani: DANGCEM simintin Ɗangote ne, MTNN kamfanin MTN, JAIZBANK kuma bankin Jaiz da ya shiga kasuwar a 2017. Lambar da ke gefen sunan ba alkawari ba ce, kuɗin da aka yi cinikin ƙarshe ne. Naka cinikin yana tsakanin wasu lambobi biyu, kamar dai a kara ranar kasuwa: tayi mafi tsoka da mai saye ya yi, da kuɗi mafi ƙanƙanta da mai kaya zai ce ya sallama. A ce tayi naira 10 ne, sallamawa naira 10 da kwabo 50. In ka saya ka juya ka sayar nan take, ka yi asarar kwabo 50 a kowane hannu, ban da la'adar dillali.

Layin da na fi so a tsaya a kansa shi ne na adadin hannun jarin da aka yi cinikinsu a ranar. Kamfani na iya yin kore shar alhali ciniki kaɗan ne ya ɗaga shi. Ranar da kuɗin asibiti ko na taki ya taso, ka nemi mai saye ka rasa. Ƙa'idar kasuwar ta hana farashi hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana, don haka in abu ya lalace, masu sayarwa kan yi cincirindo a ƙasan farashi, ba mai tayawa. Waɗanda suka ci bashi suka shiga kafin faɗuwar kasuwar a 2008 sun ɗanɗana wannan.

Kada arha ta ruɗe ka. Hannun jarin naira 3 na iya fin na naira 300 tsada, in kamfanin ba ya cin riba. Duba ribar da kowane hannu ya samar a shekara, da abin da aka raba wa masu jari. Mai gudun riba ta haram ya nemi jerin Lotus Islamic na NGX.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. A Satumban 2021 an toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da namu biyu, na tsawon watanni, kuma in babu layi, manhaja ba ta buɗuwa. Saboda haka ka tabbata dillalinka yana da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar, ka rubuta lambar asusunka na CSCS, ma'ajiyar hannun jari, a takarda, ka nuna wa magadanka inda take.