FASHIN BAƘI: Abin da ke faruwa a cikin kwamfuta idan taransifa ta maƙale a Kwanar Gafan

Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatur ɗin noman rani ke kaka a Kura, Bunkure da Garun Mallam, kasuwar Kwanar Gafan da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya takan cika maƙil. Manoma na shigo da kwanduna, dillalai na ciniki, manyan motoci na lodi zuwa Kudu. A shekarar 2023 kakar ta zo daidai da ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, wanda Babban Bankin Nijeriya ya sanar a watan Oktoban 2022. Ciniki ya koma kan waya da na'urar POS, kuma tun daga lokacin wani ƙorafi ya zauna a bakin jama'a: an cire kuɗin, amma bai shiga ba.

Tumatur ba ya jiran alat. Kwandon da ya kwana ana gardama kan ko kuɗi ya shiga, darajarsa ta ragu kafin gari ya waye. Dalilan maƙalewar taransifa suna da yawa, daga raunin sabis zuwa cunkoso a bankuna. Akwai ɗaya da ba a cika bayaninsa ba, wato yadda manhaja ke jiran amsa, da hukuncin da take yankewa idan amsar ta yi jinkiri.

Mafi yawan aikin jira ne

Lissafin cire naira dubu hamsin daga wani asusu bai kai ƙiftawar ido ba a wurin kwamfuta. Abin da ke cin lokaci shi ne kai-komon saƙo. Manhajar bankin mai saye tana aika umarni zuwa NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan ƙasar nan, wanda ya ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take a 2011. Daga can saƙon ya wuce bankin manomi, sannan amsa ta biyo hanyar da aka bi ta dawo. A duk tsawon wannan lokaci kwamfutar da ta aika saƙon ba ta da abin yi sai jira.

Tsohuwar dabara ita ce a ware wa kowace buƙata ma'aikacinta a cikin kwamfuta, ya tsaya a kanta har amsa ta zo. Kowane ma'aikaci yana cin nasa kason na ma'ajiyar kwamfutar, ko da zaune yake. Idan buƙatu suka kai dubbai a lokaci guda, sai na'urar ta cika da masu jira ta kasa karɓar sabo. A 1999 wani injiniya mai suna Dan Kegel ya yi wani rubutu da ya shahara kan wannan matsala, inda ya tambayi yadda kwamfuta ɗaya za ta kula da mutum 10,000 a lokaci guda.

Mafitar da aka samu ba baƙuwa ba ce ga manomin rani. Ruwan da ke shayar da gonakin yankin yana tasowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya bi babbar magudana ya rarrabu zuwa ƙanana. Gwanin ban ruwa ba ya tsayawa a kan fangali ɗaya yana kallon ruwa har ya cika. Yakan saka bututu a nan, ya wuce ya saka a can, ya riƙa zagayawa. Wanda ya cika ya toshe, ya buɗe na gaba. Mutum ɗaya ne, amma yana shayar da gona guda, domin ruwa ne ke tafiya, shi nasa lura ne kawai.

Haka masu rubuta manhaja suka tsara abin da za a iya kira zagayen lura. Ma'aikaci ɗaya ne ke aika dubban saƙonni, ba ya tsayawa kan ko ɗaya, sai dai ya riƙa zagayawa yana amsa wanda ya shirya.

Yadda ake aiki da shi

Ba kowane mai manhaja ke gina wannan zagaye daga tushe ba. Akwai kundayen umarni da aka riga aka rubuta, kowa na iya ɗauka kyauta. Daga cikinsu akwai libevent na Niels Provos, da libev na Marc Lehmann, da libuv da aka fara a 2011 domin Node.js, manhajar da Ryan Dahl ya fitar a 2009. Harshen Python ya samu nasa, asyncio, a 2014. Nginx, wadda ta fito a 2004 kuma take ɗauke da ɗimbin shafukan intanet, ita ma kan wannan dabara aka gina ta.

Aikin mai manhaja mataki uku ne. Da farko yana yi wa zagayen rajistar abin da yake jira, misali amsa daga wata kwamfuta. Na biyu yana rubuta umarnin da za a bi idan amsar ta iso. Na uku ya tayar da zagayen ya bar shi yana juyawa. Shi kuma zagayen ba ya bin hanyoyin sadarwar ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Yana miƙa jerinsu ga babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ita ce ke sanar da shi waɗanda suka shirya. A Linux ana kiran wannan hanya epoll, a FreeBSD da macOS kqueue, a Windows kuma IOCP. Amfanin kundi irin libuv shi ne ya ɓoye wannan bambanci, a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kan dukkansu.

Sai agogon wa'adi. Tare da kowane saƙo, mai manhaja na iya saita agogo ya ce idan daƙiƙa kaza ta wuce babu amsa, a daina jira. Kafin zagayen ya zauna jira, yakan duba wa'adi mafi kusa, ba ya kuma jira ya wuce shi. Sai dai alƙawarin agogon ɗaya ne: ba zai buga kafin lokaci ba. Yana iya makara idan zagayen ya shagala.

Nan ne babbar dokar tsarin take: kada a tsare zagayen. Idan mai ban ruwa ya tsaya gyaran bango a fangali ɗaya na tsawon awa guda, wani fangalin zai yi ambaliya, wani ya bushe. Haka idan umarni ɗaya ya riƙe ma'aikacin na daƙiƙa biyu da lissafi mai nauyi, duk sauran buƙatun sun tsaya daƙiƙa biyu, agogunansu ma sun makara. Shi ya sa libuv ke miƙa wasu ayyuka masu jinkiri, kamar karanta fayil, ga mataimaka na gefe, waɗanda guda huɗu ne idan ba a ƙara yawansu ba.

Cikar wa'adi ba shaidar faɗuwa ba ce

Wannan ne ya fi shafar aljihun manomi. Idan agogon wa'adi ya buga, abu ɗaya kawai manhajar ta sani: amsa ba ta zo a kan lokaci ba. Mai yiwuwa saƙon bai isa ba. Mai yiwuwa ya isa, an biya kuɗin, amsar ce ta ɓata a hanya. Mai yiwuwa kuma yana layi, za a aiwatar da shi bayan minti guda. Daga inda manhajar take, duka ukun kamarsu ɗaya.

Manhajar da aka rubuta da sakaci takan ɗauki shirun a matsayin faɗuwa, ta nuna wa mai saye cewa ba ta tafi ba. Ya sake turawa, a cire masa sau biyu. Wadda aka rubuta da kula takan ba kowace taransifa lamba ta musamman, ta ajiye ta a matsayin wadda ba a tantance ba, ta saita wani agogon domin ta sake tambayar inda aka kwana. Idan umarni mai lamba iri ɗaya ya sake zuwa, ba ta biya sau biyu. Kundin zagaye yana bayar da agogo ne kawai. Abin da za a yi idan ya buga, shawarar kamfanin da ya rubuta manhajar ce, alhakin kuma a wuyansa yake.

Abin da doka ta tanada

Daga ranar 8 ga Yunin 2020, Babban Banki ya umarci bankuna su mayar da kuɗin da ya maƙale a ATM na bankin mai kati nan take, ko cikin awa 24 idan sai an yi da hannu. Idan ATM ɗin na wani banki ne, wa'adin awa 48 ne, na POS da cinikin intanet kuma awa 72.

Don haka mai saye da taransifarsa ta tsaya bai kamata ya yi gaggawar sake turawa ba. Ya fara duba ragowar kuɗinsa, ya adana rasit da doguwar lambar da ke jikinsa, domin da ita banki ke bin sawun kuɗin. Manomi kuma ya dogara da abin da ya gani a asusunsa, ba hoton rasit a wayar wani ba. Idan wa'adin ya cika ba a mayar da kuɗi ba, a kai ƙorafi banki a rubuce a karɓi lambar ƙorafin. Idan bankin ya gaza, sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki ne mataki na gaba.