Cutar Toksofilasma da Yaran Makarantun Karkara

Akwai cututtukan da kan shigo gari da hayaniya, irin su ƙyanda da sanƙarau da kwalara, waɗanda kafin mako ya zagayo kowa ya san da zuwansu. Akwai kuma waɗanda kan shiga jiki shiru, su zauna shekara da shekaru ba tare da mai su ya sani ba. Cutar toksofilasma tana cikin kashi na biyu. Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane uku a duniya yana ɗauke da ƙwayarta, kuma da yawa daga cikinsu sun ɗauke ta ne tun suna yara. Saboda cutar tana da alaƙa da kyanwa, wanda ya fara jin labarinta yakan zaci magani shi ne a kori kyanwoyi daga gida. Alhali kuwa binciken kimiyya ya nuna cewa ƙasar da yaro ke wasa a kai, da ruwan da yake sha, da naman da yake ci, su ne abin lura.

Asalin ƙwayar cutar

Ƙwayar da ke haddasa wannan cuta halitta ce mai ɗan mitsitsin jiki wadda ba a iya ganinta sai da madubin likita, kuma danginsu ɗaya da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A shekarar 1908 ne wasu masana biyu, Charles Nicolle da Louis Manceaux, suka gano ta a birnin Tunis, a jikin wata dabba mai kama da ɓera da ake kira gundi. A cikin wannan shekara kuma Alfonso Splendore ya gan ta a jikin zomo a ƙasar Barazil. Sunanta na kimiyya, Toxoplasma gondii, ya samo asali daga siffarta mai kama da baka, da kuma sunan dabbar da aka fara ganinta a jiki. A 1939 likitoci a birnin New York suka tabbatar cewa tana kama jariri tun yana ciki. A 1948 Albert Sabin da Harry Feldman suka ƙirƙiro gwajin jini na gano ta. Amma sai a 1970 aka warware babbar tambaya, wato inda ƙwayar take fitowa: hanjin kyanwa.

Yadda take zagayawa

Ƙwayar tana iya zama a jikin kusan kowace dabba mai jini mai ɗumi, har da tsuntsaye. Sai dai a hanjin dangin kyanwa kaɗai, wato kyanwar gida da ta daji da damisa da zaki, take yin wani irin ƙwai mai ƙwanso mai tauri. Idan kyanwa ta cinye ɓera ko tsuntsu mai ɗauke da cutar, takan fitar da miliyoyin irin wannan ƙwai a kashinta na tsawon mako ɗaya zuwa uku. Galibi hakan kan faru ne sa'ad da take ƙarama, bayan haka kuma ba kasafai take maimaitawa ba.

Ƙwan da ya fito yau ba ya harbin kowa. Sai ya yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ya nuna. Da zarar ya nuna, yana iya rayuwa a ƙasa mai danshi da inuwa har fiye da shekara guda, kuma sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan famfo ba ya kashe shi. Tumaki da awaki da kaji kan haɗiye shi wajen kiwo, sai ƙwayar ta ƙunshe kanta cikin tsokarsu. Ta haka mutum ke kamuwa ta hanya uku manya: haɗiyar ƙwan ta hannu mai ƙasa ko ruwa ko ganyen da ba a wanke ba, cin naman da bai dahu ba, wani lokaci har da ɗanyen nonon akuya, sai kuma daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta. Ba a ɗaukar ta ta musabaha ko tari ko zama benci ɗaya a aji, haka nan shafa bayan kyanwa ba ya cikin manyan hanyoyin kamuwa.

Dalilin da ya sa yaran karkara

Wanda ya san rayuwar ƙauye a ƙasar Hausa zai ga yadda waɗannan hanyoyi suka haɗu a kan yaro. Ana ajiye kyanwa don ta tsare rumbu daga ɓeraye, abincinta kuwa farauta ne. Ɗabi'arta ce ta tone ƙasa mai laushi ta binne kashinta, kuma ba abin da ya fi mata tarin yashin gini da aka jibge a harabar makaranta, wanda shi ne wurin wasan yara da rana. Yaro zai yi dara a ƙasa, ya tsinci ɗinya ko mangwaro a gindin bishiya, a lokacin tara ya sayi ƙosai ya ci da hannun nan, sannan ya sha ruwan rijiyar da ba ta da murfi. Zafin ranar bazara da bushewa suna kashe ƙwan, shi ya sa cutar ta fi yawa a ƙasashe masu laima. Amma gindin randa da bakin rijiya da lambun fadama ba sa rabuwa da danshi, kuma ruwan damina kan kwashe abin da ke kan tudu ya zuba shi a tafki.

Wannan ne ya sa masu bincike kan gwada jinin 'yan makaranta. Idan aka sami alamar cutar a jinin yara da yawa, an san cewa ƙasar garin ko ruwansa sun gurɓata. Samun alamar ba ya nufin yaro ba shi da lafiya. Yana nuna kawai cewa ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa.

Abin da take yi wa jiki

Mafi yawan yaran da suka kamu ba sa jin komai. Wasu kan yi ɗan zazzaɓi da kasala da kaluluwa a wuya, a ɗauka mura ce ko cizon sauro, bayan 'yan makonni su warware. Garkuwar jiki kan danne ƙwayar, amma ba ta kashe ta; takan lafe a ƙwaƙwalwa da tsoka da ido har iyakar rayuwa. Haɗarin yana wuri uku.

Na farko shi ne ido. Ƙwayar kan ƙone siririn tantanin da ke can bayan ido, wanda hoto ke sauka a kansa, ta bar tabon da ba ya gogewa. A da an ɗauka wannan yana faruwa ne kusan kullum ga waɗanda aka haifa da cutar. Binciken da aka yi gida-gida a 1990 a yankin Erechim na kudancin Barazil ya taimaka wajen sauya wannan fahimta, domin an sami irin wannan tabo a idon kusan mutum 18 cikin 100, kuma yawan masu shi yana ƙaruwa da ƙaruwar shekaru. Nau'in ƙwayar da ke Amurka ta Kudu ya fi na wasu wurare cutar da ido, amma darasin ya shafi ko'ina: yaro na iya kamuwa bayan haihuwa, idonsa ya sami lahani.

Na biyu shi ne juna biyu. Macen da ta kamu tun kafin ta sami ciki galibi garkuwarta kan kare ɗan. Wadda ta fara kamuwa tana da ciki ita ce ke cikin haɗarin ɓari, ko haihuwar jariri mai ruwa a kai, ko mai farfaɗiya, ko raunin gani. Saboda haka 'yan matan sakandare na cikin waɗanda suka fi buƙatar wannan ilimi.

Na uku shi ne raunin garkuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan cutar ƙanjamau ko maganin daji ya karya garkuwar mutum, ƙwayar da ta lafe tun ƙuruciya kan farfaɗo ta kumbura ƙwaƙwalwa.

Darasi daga tankin ruwa

A ƙarshen 2001 cutar ta ɓarke a garin Santa Isabel do Ivaí na ƙasar Barazil, ta kama ɗaruruwan mutane. Da aka bi sawu, sai aka tarar wata kyanwa ta haihu a wurin tankin da ke ba garin ruwa, 'ya'yanta kuma suna zaune a samansa. Ana zuba wa ruwan kulorin, amma ba a tace shi. Laifin ba na kyanwar ba ne, na tankin da aka bari ba kariya ne.

Abin da makaranta za ta iya yi

Har yanzu babu allurar rigakafin wannan cuta ga ɗan Adam. Akwai magunguna, irin su firimetamin da salfadayazin, amma likita ne ke rubuta su, kuma ba sa maido da ganin da ya riga ya tafi. Don haka abin dogaro shi ne tsafta. A tanadi buta da sabulu a bakin aji don wanke hannu kafin tara. A yi wa rijiya da randa murfi, a tafasa ruwan da ba a amince da shi ba. A rufe tarin yashi, a kwashe kashin kyanwa da shebur kowace safiya, tun kafin ƙwan ya nuna, kada kuma mai ciki ta yi wannan aiki. A wanke latas da karas da kabeji da ruwa mai tsabta. A dafa nama har cikinsa ya daina ja, domin zafin digiri 67 yana kashe ƙwayar. Balangu ko tsiren da ke ɗigar jini a mayar da shi kan wuta. A tafasa nonon akuya kafin a sha.

Malami kuma yana da wata dama da likita ba shi da ita, domin shi ke ganin yaro kullum. Sau ɗaya a zango, ya sa kowane ɗalibi ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta allo, sannan ya sauya. Wanda ya ce yana ganin hazo, ko baƙaƙen ɗigo suna yawo a gabansa, a sanar da iyayensa su kai shi asibitin ido ba da ɓata lokaci ba. Ba kowane hazo ne toksofilasma ba, amma ido guda kan lalace yaro bai sani ba, saboda ɗayan yana rufa masa asiri.