Tsutsa mai haske da gam ɗin masu takalma

Duk wanda ya ratsa layin masu haɗa takalma a Ƙofar Wambai ya san warin gam, irin wanda wasu matasa ke shaƙa suna ce masa sholisho. A Japan da Italiya, tun shekarun 1960, likitoci sun gano cewa sinadarin hekzen da ke cikin irin wannan gam yana kashe jijiyoyin hannu da ƙafa na masu sana'ar takalma. Ɗalibin kimiyya a Kano zai iya bin diddigin irin wannan lahani, kuma ba sai ya taɓa jikin mutum ba.

Abin da zai nema wata tsutsa ce, C. elegans, tsawonta milimita 1, jikinta garau har ana hango cikinta. Sydney Brenner ne ya shigo da ita ɗakin bincike a Kembrij ta Ingila. Ƙwayoyin jijiyarta 302 ne cif, kowace da sunanta, an kuma zana taswirar haɗuwarsu a 1986. Cikin kwana uku take girma, bakteriya kawai take ci.

A 1994 Martin Chalfie ya dasa mata ƙwayar gadon GFP, furotin mai koren haske da Osamu Shimomura ya samo daga wata halittar teku a 1962. Da aka haska mata shuɗiyar fitila, sai ga jijiyoyinta na jin taɓi suna walƙiya, ita kuwa tana ta rarrafenta. Aikin ya kai su ga lambar Nobel a 2008 tare da Roger Tsien. Yau wata cibiya da ke Jami'ar Minnesota tana aika ire-irenta ga ɗakunan bincike, har da wadda ƙwayoyin jijiyarta takwas masu sinadarin dofamin kaɗai ke haske.

Gwajin ba wuya: faranti biyu masu tsutsar, ɗaya a sa masa tururin gam, ɗaya a bar shi haka. Bayan kwanaki a duba ta madubin ƙara girma. Lafiyayyar jijiya zare ce miƙaƙƙiya. Wadda ta lalace takan yi ƙulli-ƙulli ta tsittsinke. Sai a shafi tsutsar da gashin gira, a ga ko za ta ja da baya.

Ni dai a ganina, madubin ba shi ne babbar matsala ba. Don samunsa, ana iya zuwa cibiyar bincike ta BioRTC da ke Damaturu a nemi haɗin gwiwa. Zafi ne babbar matsalar. Tsutsar na son digiri 20, in ya wuce 25 sosai haihuwarta ta lalace, ga Afrilun Kano na kai wa 40, ga wuta sai ta ga dama. Ɗalibi ya fara tanadin firji mai sola kafin ya nemi a aiko masa da tsutsa.