Mai niyyar zuwa Gabon, ga shawara

Ƴan uwa manoma da makiyaya, bayan an gama girbi, samarinmu na Matamaye da Kance sukan fita cin rani. Mafi yawa suna bi ta Daura su sauka Kano. Waɗansu kuwa sukan zarce har ƙasar Gabon. To, kafin mutum ya sayar da ɗan bijiminsa ya yi guzuri, ya kamata ya san inda za shi.

Gabon tana tsakiyar Afirka, a bakin teku. Nijar ta kusan ninka ta sau 5 a girma. Babban birninta Libarabil. Ta sami mulkin kai a 1960, shekara ɗaya da mu. Harshen gwamnati Faransanci ne. Kuɗinsu ma sefa ne, darajarsa daidai da tamu, amma takardar ta bambanta. Sai ka canza kafin ka yi ciniki.

Ɗan Nijar ba ya shiga Gabon sai da fasfo da biza. Wanda ba shi da su yakan bi masu kwale-kwale daga gaɓar Najeriya a ɓoye. Teku ta ci mutane da yawa ta wannan hanya. Wanda ya tsira kuma, in an kama shi sai a koro shi hannu wofi.

Takarda ta uku ita ce katin allurar shawara, mai launin rawaya. Sauro ne ke kawo wannan ciwo, kuma yana kisa. Allura ɗaya tak ake yi. Tun 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta isa mutum har ƙarshen ransa. Amma katin ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Saboda haka a je wurin likita tun da wuri, a tambayi inda ake ba da shi.

A nan masassarar sauro tana tsananta da damina. A Gabon kuwa kurmi ne da ruwan sama mai yawa, sauro ba ya hutu duk shekara. Ka tafi da gidan sauronka, ka kwana ciki kullum. In jikinka ya yi zafi, ka je asibiti ran nan. Ruwan da ba ka yarda da shi ba, ka tafasa shi. Kada ka taɓa mushen naman daji, don ciwon Ebola ya taɓa ɓulla can ta wannan hanya.

In ka dawo gida zazzaɓi ya kama ka, gaya wa likita ƙasar da ka fito. Iyalinka suna jiran ka dawo da ƙarfinka kafin ruwan shuka. Allah ya kiyaye hanya.